Wa ya taɓa ganin kzalloc ya dawo da NULL?

Auwal: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu taɓa kanel ce, wato zuciyar Linux mai sarrafa memori da na'urori. Inda nake aikin koyo a nan Bauchi ana haɗa wani ɗan bod mai Linux da ake liƙa wa famfon sola na rijiyar burtsatse, yana ƙirga ruwan da ya fita ya aika ta layin waya. Ram ɗinsa megabait 128. An ba ni direban mitar ruwan, wato kod ɗin da ke sarrafa ta, in gyara, na gyara na miƙa, oga ya dawo min da shi, wai duk inda aka kira kzalloc, mai ware memori a kanel, sai na duba ko NULL ya dawo, wato alamar ba a samu ba. Ni kuwa na karanta cewa a Linux ƙaramar buƙata ba ta faɗuwa. Baiti 64 nake nema, wani wurin 200. Duban nan yana da amfani kuwa, ko dai al'ada ce kawai aka gada?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Al'ada ce ƙanena. Ka saka masa a zauna lafiya, tunda shi zai sa maka hannu a takarda. Amma ni tun da nake rubuta C ban taɓa ganin malloc, mai ware memori a C, ya ce babu ba. Ka kunna furogiram goma, kowanne ya nemi rabin ram ɗinka, duk Linux zai ce su ɗauka.

Maryam: Sadiq, abu biyu ka haɗa a kwano ɗaya. Abin da ka faɗa game da malloc gaskiya ne, amma a sama yake faruwa, inda furogiram ɗin mutane suke. A can, idan ka nemi memori, adireshi kawai ake ba ka, ba a ware maka shafi na gaske sai ranar da ka rubuta wani abu a ciki. Kamar ɗan kamasho ne a tasha da ya rubuta sunan mutum ashirin a mota mai cin goma sha huɗu, yana sa ran wasu ba za su zo ba. Idan duk suka zo sai a sauke wani da ƙarfi, aikin makashin OOM ke nan, mai kashe furogiram idan memori ya ƙare. Kuma ko a can ɗin malloc yana dawo da NULL: ka sa vm.overcommit_memory ya zama 2, ko ka ɗaure furogiram da ulimit, za ka gani da idonka.

A cikin kanel babu wannan alkawarin baka. Abin da kmalloc, wanda kzalloc ke kira, ya ba ka memori ne na gaske, a jere, yanzu yanzu. Ko akwai ko babu.

Sadiq: Na yarda Adda, misalina bai zauna ba. Amma maganar Auwal tana nan daram. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, su kansu masu kula da memori na Linux sun amsa cewa ƙaramar buƙata da GFP_KERNEL, tutar da ke cewa mai nema zai iya jira, ba ta faɗuwa. Kanel zai yi ta zagaye yana kwato shafuka, yana zubar da abin da ya ajiye na fayil, in ta kama ya kashe wani furogiram, har sai ya samo maka. To layin da ba zai taɓa gudana ba, me ya sa za a cika kod da shi?

Maryam: Wannan kam ka karanta daidai. Iyakar tana cikin kod ɗin, sunanta PAGE_ALLOC_COSTLY_ORDER, ƙimarta 3, wato shafi 8 a jere, kilobait 32 a injin da shafinsa kilobait 4 ne. Daga nan zuwa ƙasa, idan an yarda mai nema ya jira, mai rabon shafuka ba ya sallamar ka hannu banza da sauƙi. An yi rigima a kan haka a Disamban 2014, lokacin da Tetsuo Handa ya nuna yadda inji ke daskarewa gaba ɗaya yana wannan zagayen. Michal Hocko ya bayyana cewa doka ce da ba a rubuta ba, Dave Chinner na tsarin ajiye fayil na XFS ya fusata, domin su sun ɓata shekaru suna rubuta abin da za a yi idan memori ya gaza, ashe ba a barin ya gaza.

Ka lura da abin da na ce: ba a rubuta ba. Hali ne na kod ɗin yau, ba alkawari ba ne. Kuma ko a yau yana da ƙofofi. Idan furogiram ɗin da ya shigo kanel ta direbanka shi ne wanda makashin OOM ya zaɓa, ana iya ce masa babu. Idan buƙatar tana cikin waɗanda ake lissafa wa wani rukunin furogiram mai iyakar memori, wato cgroup, rukunin kuma ya kai iyakarsa, ana iya ce masa babu alhali injin na da sauran memori. Wanda yake son alkawari na gaske akwai tuta dominsa, __GFP_NOFAIL, kuma idan ka sa ta a direban mitar ruwa sai an tambaye ka dalili.

Malam Garba: Salamu alaikum. Bari in ɗan sa baki, ko da yake ni ba mutumin Linux ba ne sosai, na fi sabawa da FreeBSD, wani tsarin mai kama da Linux. Abin da ya sa wannan gardama ba ta ƙarewa a wajenku shi ne an bar abin a tsakiya. A FreeBSD an raba gari. Idan ka kira malloc na kanel da M_WAITOK, an rubuta a littafin jagora cewa ba zai dawo da NULL ba, kuma idan ka duba NULL bayansa, mai bitar kod zai ce ka cire, shara ce. Idan ka kira da M_NOWAIT, dole ka duba. Haka Solaris da 'ya'yanta suka yi da KM_SLEEP da KM_NOSLEEP. Saboda haka amsar tambayar Auwal ba ta dogara da yawan baitin da ya nema ba, ta dogara da abin da kanel ɗin da yake kai ya ɗauki alkawari. Linux bai ɗauka wa GFP_KERNEL ba. Shi ke nan, sai ya duba.

Sadiq: Allah ya ƙara ilimi Malam. To ai ka ga FreeBSD ra'ayina suka bi.

Malam Garba: Sun bi ra'ayinka bayan sun rubuta shi sun sa hannu. Kai kana so ka bi shi ba takarda.

Injiniya Bappa: Ku dakata tukuna. Duk kuna ta magana a kan GFP_KERNEL, ba wanda ya tambayi yaron nan a ina yake kiran kzalloc ɗin. Mitar ruwa bugu take aikowa, bugu kuwa intarof ne, wato siginar da ke katse injin ya amsa nan take. Auwal, turo mana wurin da kake amsa intarof ɗin mu gani.

Auwal: To Baba, ga shi yadda na same shi:

static irqreturn_t mita_irq(int irq, void *data)
{
	struct mita *m = data;
	struct karatu *k = kzalloc(sizeof(*k), GFP_ATOMIC);

	k->lokaci = ktime_get();
	spin_lock(&m->makulli);
	list_add_tail(&k->jeri, &m->jeri);
	spin_unlock(&m->makulli);
	return IRQ_HANDLED;
}

Injiniya Bappa: Na san za a rina. Sadiq, zo ka gani. Duk abin da kuka faɗa na ƙaramar buƙata ba ya aiki a nan. GFP_ATOMIC ba ya jira, ba ya barci, ba ya kiran makashin OOM. An yarda ya ɗan taɓa ajiyar gaggawa da kanel ke ɓoyewa, wadda vm.min_free_kbytes ke tsara girmanta, idan ita ma ta yi ƙasa sai NULL, ko baiti 8 ka nema.

Ni na sha ganin wannan a rautocin da nake sa wa OpenWrt a nan Gombe, masu ram megabait 64. Wani masauki da na haɗa wa intanet, da dare ya yi baƙi suka hau kallon bidiyo, ka buɗe dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, ka ga page allocation failure jere reras. Rautar ba ta mutu ba, saboda direban katin sadarwar mutanen kirki ne suka rubuta shi: ya nemi wurin ajiye fakiti bai samu ba, ya ƙara ɗaya a rx_dropped, ya yar da fakitin, TCP ya sake aikowa. Mai kallo bai ma sani ba.

Naka kuwa, ranar da k ya zama NULL, layi na gaba zai rubuta a adireshin da ke kusa da sifili. Da a cikin furogiram ne ya shigo kanel, oops za a yi, wato kanel ya buga rahoton kuskure, a kashe shi, injin ya ci gaba da ɗingishi. A cikin intarof babu wanda za a kashe. Fatal exception in interrupt, kanel ya tsaya cak. Bod ɗin kuma yana kan tanki a wani ƙauye bayan Darazo ko Alkaleri, sai an cika babur da mai an je an cire masa wuta an mayar.

Sadiq: A wannan kam na sallama. Amma ku rubuta ku ajiye, ni a kan GFP_KERNEL nake magana tun farko.

Isiyaku: Salam 'yan uwa akwai HP Core i5 ram 8 tokunbo mai tsabta, Wunti, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni ta inbos

Hamma Sale: Malam Isiyaku, ranar Asabar ce ranar talla a zauren nan, yau Talata. Ku ci gaba.

Auwal: Na gode Baba. Na intarof ɗin zan gyara. Sauran wuraren dama na riga na bi umarnin oga na saka duban. Misali a ioctl, ƙofar da furogiram ke bi ya yi magana da direba:

	mutex_lock(&m->kulle);
	buf = kzalloc(len, GFP_KERNEL);
	if (!buf)
		return -ENOMEM;

Haka na yi wa dukkansu.

Maryam: Auwal, tsaya. Karanta layin farko, sannan ka karanta na ƙarshe. Wa zai saki kullen?

Wannan shi ne abin da ya sa ba na son a riƙa koya wa yara cewa maganar ita ce ka duba NULL kawai. Layi biyun nan kowa zai iya rubutawa, har inji ma yana iya saka maka su. Aikin yana cikin tambayar da ke biye: a daidai wannan wurin, me na riga na ɗauka wanda dole in mayar kafin in fita? Kulle nawa ke hannuna, memori nawa na ware, wace na'ura na yi wa rajista, wane intarof na kunna? Yadda ka rubuta shi yanzu, ranar da kzalloc ya gaza ba za ka ga oops ba, ba za ka ga komai a dmesg da ke nuna an bar kulle a riƙe ba a lokacin. Furogiram ya karɓi kuskure lamba 12 ya tafi. Wanda ya zo bayansa ya nemi kullen ya tsaya, har abada, ko kill -9 ba ya ɗaga shi. Wanda bai duba ba aƙalla ya faɗi da ƙara an san inda ya faɗi. Kai ka faɗi shiru.

Gyaran nan mai sauƙi ne, ka ware memorin kafin ka ɗauki kullen, sai ya zama babu abin mayarwa. Inda hakan ba zai yiwu ba, ka bi salon da takardar ladubban kod ta kanel ta koyar: goto zuwa ƙasan aikin, lakabi bayan lakabi, ana warwarewa daga abin da aka ɗauka a ƙarshe zuwa na farko. Malamai a aji suna tsine wa goto, amma a kanel wannan ne wurinsa. Idan kanel ɗinku sabo ne, daga 6.5 akwai guard da __free a cikin cleanup.h masu sakin abu da kansu idan an fita.

Sannan wani abu. Wannan len daga ina ya fito?

Auwal: Daga furogiram ɗin sama Adda, shi yake faɗin yawan karatun da yake so.

Maryam: To ka ga ba baiti 64 ba ne ke nan, abin da mai kira ya ga dama ne. Ya ce megabait 1, ka fita daga inuwar dokar da Sadiq ke jingina da ita, domin shafi 256 kake nema a jere. Bod ɗin da ya yi wata uku a kunne yana iya nuna maka megabait 40 a sake, amma a warwatse, babu guntu ɗaya mai wannan girman. Ka duba /proc/buddyinfo, ginshiƙan dama za ka ga sifili sifili. Ka sa wa len iyaka tukuna. Idan ninkawa kake yi, adadi sau girma, ka bar wa kcalloc ko kmalloc_array, su suna lura idan lissafin ya zarce ya zagayo ya zama ƙarami. Idan da gaske babban wuri kake buƙata kuma ba na DMA ba ne, wato ba wanda na'ura za ta taɓa kai tsaye ba, kvmalloc, a sake shi da kvfree.

Sadiq: Adda, yanzu fa kin ba ni makami da hannunki. Kin ce duban da yaron ya saka ya fi rashinsa muni. Abin da nake faɗa ke nan. Dubban hanyoyin fita a cikin kanel, ba wanda ya taɓa bin su, rabinsu a karye. Shi ya sa ma aka kasa cire waccan dokar bayan rigimar 2014, ana tsoron abin da zai fito idan aka fara bin su. Kod ɗin da ba a gwadawa ba kariya ba ne, ado ne. Ba gara a yi irin na su Malam Garba ba, a ce ba ya faɗuwa, a share su duka?

Malam Garba: Hujjarka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Sai dai ka san kuɗin da ake biya. Idan ka ce ba ya faɗuwa, ka ce mai nema zai jira ko da har abada ne. Idan yana jiran yana riƙe da kullen da wanda aka kashe yake buƙata kafin ya mutu ya saki memorinsa, kowa ya tsaya yana kallon kowa. Irin daskarewar da aka nuna a 2014 ke nan. Ba a kawar da matsalar ba, an ɗauke ta daga hannun mai direba an kai ta wani ɗaki.

Maryam: Kuma rabinsu a karye ɗin nan lissafinka ne Sadiq, ba na kowa ba. Amma a bar wannan. Maganin hanyar da ba a gwada ba shi ne a gwada ta, kuma kayan gwajin suna cikin kanel ɗin tun 2.6.20, aikin Akinobu Mita. Auwal, ka sake gina kanel na gwaji da CONFIG_FAULT_INJECTION da CONFIG_FAILSLAB da CONFIG_FAULT_INJECTION_DEBUG_FS. Za ka sami /sys/kernel/debug/failslab, inda ake sa kanel ya hana memori da gangan. A ciki probability shi ne kashi nawa cikin ɗari za a hana, times kuma sau nawa, ka sa -1 idan ba ka son iyaka. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ignore-gfp-wait: yana zuwa a Y, ma'ana ba zai taɓa buƙatun da ke iya jira ba. Sai ka mayar da shi N, in ba haka ba ka gwada ka ce lafiya lau alhali ko kusa da ioctl ɗinka bai je ba. Ka kunna task-filter kuma, don kada ka hana duk injin memori ka kasa ko buga umarni. Akwai failcmd.sh a cikin tools/testing/fault-injection da ke yi maka wannan wahalar.

Wanda na fi so shi ne fail-nth. Ka ce a hana buƙata ta farko, ka kira ioctl, ka duba. Sannan ta biyu, sannan ta uku, har ka ƙure. Babu sa'a a ciki, kowace hanya sai an taka ta. Haka syzkaller na Google ke yi wa kanel dare da rana. Ka haɗa da KASAN da kmemleak da lockdep, su za su yi maka ihu idan ka saki abu sau biyu, ko ka manta ba ka saki ba, ko ka koma sama da kulle a hannu.

Nura: Duk wannan wahalar saboda C ne. A harshen Rust na kanel, KBox::new yana karɓar GFP_KERNEL ya dawo da Result, ba ka isa ka taɓa abin da ke ciki ba sai ka fuskanci kuskuren, kwamfaila ba zai bari ba. Kullen kuma yana sakin kansa da an fita. Kuskuren Auwal guda biyu, ba ɗaya da zai wuce.

Injiniya Bappa: Mun ji, ɗan Rust ya iso. Kullum sai ka zo.

Nura: Baba ai gaskiya ce. Kuma tana goyon bayanku ne ba Sadiq ba. Lokacin da Miguel Ojeda ya kawo shawarar a Afrilun 2021, abin da Linus Torvalds ya fi tsayawa a kai shi ne wannan: a Rust na yau da kullum idan memori ya gaza furogiram faɗuwa yake yi, shi kuma ya ce ba zai karɓi haka a kanel ba sam. Sai da aka tsara yadda kowace buƙata za ta iya dawo da kuskure kafin aka shigar da shi a 6.1, Disamban 2022. Mutumin da ya fi kowa sanin ƙaramar buƙata ba ta cika faɗuwa ba, shi ya ƙi yarda a gina harshe a kan hakan.

Injiniya Bappa: Wannan ka kawo magana. Amma bod ɗin Auwal da kanel ɗin da masu sayar da shi suka bayar yake tafiya, mai yiwuwa tsoho ne tukuf. Ba zai sake rubuta direba da Rust a wata shida na aikin koyo ba.

Malam Garba: Tunda ana lissafa tarkuna, akwai wanda nake gani wajen ɗalibai. Su duba NULL ɗin, amma bayan sun riga sun taɓa fointar, wato mai riƙe adireshin memorin, a layin sama. A 2009 an yi haka a direban tun na Linux 2.6.30: an karanta tun->sk, sannan a ƙasa aka duba ko tun NULL ne. GCC ya ce tunda ka riga ka taɓa ta ai ba NULL ba ce, ya goge duban gaba ɗaya daga abin da ya fitar. Brad Spengler ya nuna yadda za a bi ta nan a ƙwace injin. Daga nan ne kanel ya fara ginuwa da -fno-delete-null-pointer-checks. Ba kzalloc ba ne a wancan, amma darasin ɗaya ne ga mai son cusa komai a layin da ya bayyana fointa.

Maryam: Sai kuma masu duba abin da ba shi ba. kzalloc NULL yake dawowa da shi, amma kthread_run da devm_ioremap_resource lambar kuskure suke naɗewa a cikin fointa, da IS_ERR ake duba su. Ka sa IS_ERR a kan kzalloc, NULL ya wuce ta gabansa ya gaishe shi. Smatch na Dan Carpenter yana kama irin wannan. Da krealloc: kada ka zuba amsarsa kai tsaye a kan tsohuwar fointar, idan ya gaza tsohon wurin yana nan, kai kuma ka goge adireshinsa.

Kuma don Sadiq ya ji daɗi, akwai inda yake da gaskiya ɗari bisa ɗari. Kada ka ƙara printk mai cewa memori ya ƙare bayan duban, mai rabon ya riga ya buga nasa da cikakken bayani, checkpatch ma zai yi maka tsawa. Kada ka duba NULL kafin kfree, yana karɓar NULL. Ayyukan debugfs kuwa, Greg Kroah-Hartman ya daɗe yana bi yana cire duban da mutane suka saka musu, domin bai kamata direba ya ƙi tashi don fayil ɗin leƙe bai samu ba.

Sadiq: Alhamdu lillahi, yau Adda ta ce ina da gaskiya. Hamma Sale a liƙa wannan saƙon a sama.

Hamma Sale: Ba za a liƙa ba.

Auwal: Na dawo, an ɗauke wuta ne sai da aka tada janareta. Na gina kanel ɗin na gwada da failslab. Na ioctl ya yi daidai bayan na dawo da kzalloc saman kullen. Amma a probe, wurin da direba ke tashi ya kama na'urar, KASAN ya yi ihu, use-after-free, wato an taɓa memorin da aka riga aka saki. Wanda ya rubuta direban ya kira devm_request_irq da wuri, sannan ya ware buf a ƙasa, idan buf ya gaza sai ya yi kfree na m ya fita. Famfon gwajin yana aiki a lokacin, bugu ya shigo a tsakani, mita_irq ya taɓa m da aka riga aka saki. Wannan duban yana nan tun asali, ba ni na saka ba.

Maryam: Ka ga abin da gwaji ke tonowa. An gauraya devm, wanda kanel ke sakin kayansa da kansa, da sakin hannu: devm ba ya cire intarof sai probe ya gama dawowa, shi kuwa kfree ya riga ya wuce. Ka mayar da m ya zama devm_kzalloc, ka cire kfree ɗin, ka kai neman intarof can ƙarshe bayan komai ya kammala. devm yana warwarewa daga na ƙarshe zuwa na farko, intarof zai fara tafiya kafin memori.

Auwal: To na cikin mita_irq fa? Na saka if (!k) return IRQ_HANDLED, amma ke nan bugun ya ɓace. Da wannan ƙirgar ake lissafin kuɗin da masu kura za su biya kwamitin rijiya. Fakitin Baba ana sake aiko shi, ruwan da ya wuce ba ya dawowa.

Injiniya Bappa: Yanzu ka yi tambayar injiniya. Amsar ita ce kada ka nemi memori a wurin kwata-kwata. Ba a fafe gora ranar tafiya. A probe, inda kana da damar jira kuma kana da wanda za ka ce wa ENOMEM, ka ware kfifo, wato ma'ajin jeri, mai ɗaukar karatu dubu ɗaya ko biyu. Intarof ya zuba a ciki kawai. Haka masu direbobin faifai suke yi da mempool, domin ba zai yiwu ka nemi memori kafin ka rubuta abin da zai 'yanta memori ba.

Nura: Ko ya koma request_threaded_irq, a can yana iya barci, sai ya yi GFP_KERNEL abinsa.

Injiniya Bappa: Ya yi barci yana jiran a kwato shafuka, famfo kuma ya tsaya jiransa? Bugun da ya shigo yana barcin fa?

Sadiq: Kfifo ɗin ma ai yana cika Baba. Furogiram ɗin sama ya maƙale minti goma yana neman netwok, kun dawo inda kuka taso, bugu ya ɓace.

Injiniya Bappa: Yana cika, amma ni na zaɓi girmansa, na san minti nawa zai ɗauka, kuma ba ya cika don wani can daban ya cinye ram.

Maryam: Ku duka kun tsallake abu ɗaya. Auwal, kwamitin rijiya lokacin kowane bugu suke so, ko jimillar lita?

Auwal: Jimilla Adda. Lokacin don zanen da ake nuna wa oga ne, a ga sa'ar da aka fi ɗiba.

Maryam: To jimillar ba ta buƙatar memori ko kaɗan. atomic64_inc ɗaya a farkon mita_irq, kafin komai, kuɗin mutane ya tsira ko me ya faru. Lokutan su shiga kfifo ɗin Baba, idan ya cika ka ƙara ɗaya a wani ma'ajin ƙirga na waɗanda aka yar, ka fito da shi a sysfs don mai zanen ya san akwai giɓi.

Sadiq: Wato bayan duk wannan dogon zance, an cire kzalloc ɗin ne gaba ɗaya, ba a duba shi ba.

Maryam: An cire ɗaya. Na probe da na ioctl suna nan, kuma zai duba su. Auwal, idan ka gama ka sake bin fail-nth a kan insmod daga 1 har ka ƙure, famfon yana kunne, sannan ka yi rmmod ka karanta /sys/kernel/debug/kmemleak kafin ka mayar wa ogan naka.

Auwal: To Adda. Kmemleak ɗin ban kunna shi a wannan ginin ba, sai na sake ginawa, kwamfutar kuma tana ɗaukar lokaci. Gobe in sha Allahu zan turo abin da ya fito.